Yadda Ake Amfani da Gudun Dogon Zango Wajen Rabuwa da Shaye-shaye

Wanda ya daina shan ƙwaya yakan tarar da abu biyu suna jiransa: jikin da ya saba da abin yana kuka, da kuma lokaci mai yawa da bai san yadda zai yi da shi ba. Awannin da a da suke tafiya wajen neman kuɗi, zuwa wurin dila, zaman majalisa da barcin maye, duk sun dawo hannunsa. Gudun dogon zango yana taimakawa a kan waɗannan biyun. Sai dai ba ya maye gurbin likita, kuma idan aka fara shi a lokacin da bai dace ba yana iya kayar da mutum. Don haka a bi matakan nan bi da bi, kada a tsallake na farko saboda ɗokin fara gudu.

Matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tiramadol da kodin. Ɗaya cikin huɗu mace ce, saboda haka duk abin da aka ce wa "ka" a nan, "ki" ma tana ciki.

Da farko: me kake sha?

Amsar wannan tambaya ita ke faɗin ko za ka iya dainawa a gida ko sai da likita.

Giya da ƙwayoyin barci, wato dayazifam da ake kira D5 da kuma roci, su ne mafi haɗari wajen dainawa. Wanda ya daɗe yana shansu kullum, idan ya yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga. A giya, rawar hannu da gumi sukan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, ruɗewa da gane-gane kuma sukan zo a rana ta biyu ko ta uku, suna kuma iya kisa. Ƙwayoyin barci a hankali ake rage su, cikin makonni ko watanni, likita ne ke tsara yadda za a yi.

Kodin da tiramadol suna da nasu salon. Ciwon yakan fara awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe: hamma, hawaye, yoyon hanci, ciwon gaɓɓai, murɗar ciki, amai, gudawa, rashin barci. Ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, ya lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Tiramadol tana da ƙari, domin tana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu kula da yanayin zuciya, shi ya sa dainawarta kan zo da fargaba, ruɗewa da baƙin ciki mai nauyi. Iyakar abin da likita ke ba babba a yini miligiram 400 ne, alhali ƙwayar da ake sayarwa a bayan fage ɗaya tana kai 200 ko 225. Mai haɗiye biyar ko goma a rana ba mai dainawa shi kaɗai a ɗaki ba ne. Wiwi ba ta cika kai mutum asibiti ba, amma tana barin saurin fushi, rashin cin abinci da munanan mafarkai na kimanin mako biyu.

Inda za a je: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, asibitin Dawanau a Kano, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. Gidajen mari, inda ake ɗaure mutum da sarƙa ana dukansa, ba magani ba ne. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina cikin mummunan hali.

A kwanakin ciwon nan babu gudu. Mai amai da gudawa ruwan jikinsa ya riga ya ragu, gudu zai ƙarasa shi. Abin da ake so shi ne ruwan gishiri da sukari (lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin), kunu ko koko, da ɗan zagaya tsakar gida.

Idan jiki ya lafa, ka gaya wa likita kana son fara gudu, ka nemi a duba hawan jini, yawan jini da rukunin jini na sikila. Wannan na ƙarshe ba abin rainawa ba ne, domin kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS yana gudu, amma ba ya fara da ƙarfi, ba ya gudu a tsakiyar zafi ko da ƙishirwa. Mai SS sai abin da likitansa ya yarda. Wanda ya taɓa yin allurar maye ya ƙara da gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau. Wanda ya sha hodar iblis ko ais (ƙwayar mayen nan mai kama da ƙanƙara), ko yake jin ciwon ƙirji, a duba zuciyarsa kafin komai.

Abin da gudu yake yi, da abin da ba ya yi

Ƙwaya tana sa ƙwaƙwalwa ta zubo sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi, fiye da kima. Da aka daɗe ana haka sai ƙwaƙwalwar ta rage jin sa don kare kanta. Shi ya sa wanda ya daina yake jin komai salam: abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ko wasan ƙwallo ba ya motsa shi. Wannan hali yana ɗaukar watanni kafin ya gyaru, kuma a cikinsa ne da yawa suke komawa. Gudu na minti 20 zuwa 30 yana sa jiki ya saki nasa sinadaran masu sanyaya rai da rage ciwo. Daɗinsa bai kai na ƙwaya ba, kada wani ya yaudare ka. Kaɗan ne, amma ba ya barin bashi washegari, kuma yana gyara barci.

Amfani na biyu ya fi wannan girma. A minti na takwas ko na goma na kowane gudu jiki yakan ce a tsaya. Idan ka rage sauri ka ci gaba, bayan 'yan mintuna sai numfashi ya daidaita, nauyin ya ragu. Ƙishirwar ƙwaya ma haka take: tana tasowa, ta kai ƙololuwa, ta sauka, yawanci cikin minti 15 zuwa 30 idan ba a biya mata ba. Mai shaye-shaye bai taɓa ganin saukarta ba, domin kullum yana kashe ta tun tana hawa. A kan hanya yake koyon zama da wahala har ta wuce da kanta, sau uku a mako, kuma wannan darasin ne yake ɗauka ya kai ɗaki da dare.

Akwai na uku, musamman ga mai tiramadol. Leburori, masu tuƙa adaidaita sahu, 'yan acaɓa da masu aikin gona da yawa sun fara ta ne don ƙarfin aiki, har suka yarda cewa ba su da ƙarfi sai da ita. Wannan imani ba ya fita da nasiha. Yana fita ne ranar da mutum ya ga ya yi kilomita 5 da ƙafarsa babu komai a cikinsa.

Kaya, wuri da lokaci

Takalmi ne kawai abin kashe wa kuɗi. Na gwanjo ya wadatar idan ka duba shi da kyau: ka matsa ƙasansa da babban yatsa, idan ya taurare ko ya cinye ta gefe ɗaya, bar shi. A bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, a kuma gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi da silifas ba na wannan aiki ba ne. Safa kada ta zama mai riƙe gumi, a shafa basilin a tsakanin cinyoyi da hammata. Rigar leda ko jibga kaya don "a yi gumi" ba ta ƙona kitse, ruwan jiki kawai take zubarwa.

Ƙasa mai laushi ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa: filin makaranta, hanyar gona, ko filin wasa kamar na Sani Abacha a Ƙofar Mata, na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Seyni Kountché a Yamai. Zagaye ɗaya na layin ciki mita 400 ne, sha biyu da rabi ke ba da kilomita 5. Idan kan titi ne, ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske. Abin da aka fi mantawa shi ne zana hanyar tun kafin a fita, yadda ba za ta bi ta lungun dila, kemis ɗin da ka saba, ko majalisar da kuke zama ba, ko da hakan zai sa ka yi dogon zagaye.

Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar Asuba: akwai sanyi, titi ba cunkoso, kuma an riga an tashi. Amma ka duba lokacin da ka saba sha. Idan bayan La'asar ne, ka ajiye tattaki na minti 20 a daidai wannan lokaci ko da ka yi gudu da safe, domin jiki yana riƙe agogo. Gudu mai ƙarfi a awa biyun da ke gaban barci yana hana wasu runtsawa.

Mace da ba za ta iya fita titi ba tana da mafita: fita da 'yar'uwa ko ƙawa biyu zuwa filin makarantar mata da sassafe, zagaya tsakar gida, tsallen igiya, ko gidan motsa jiki mai lokacin mata. Mintunan da ke ƙasa duka suna aiki ko a ina aka yi su.

Makonni goma sha biyu na farko

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe tsarin: sassarfa a saurin da za ka iya yin magana cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba. Idan kalma biyu-biyu kake fitarwa, ka yi sauri da yawa. Kusan duk wanda ya bar gudu a makon farko saurin nan ne ya kore shi, ya fita kamar ana binsa, ya ƙone a minti uku, ya yanke cewa ba zai iya ba.

Mako na 1 da na 2, tattaki kawai: minti 20 zuwa 30, kwana biyar a mako, da ɗan hanzari. Daga mako na 3 ake gudu kwana uku, da kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Kowane fita yana farawa da tattakin minti 5, ya ƙare da wani minti 5. Abin da ke tsakiya shi ne:

- Mako na 3 da 4: sassarfa minti 1, tattaki minti 2, sau 8.
- Mako na 5: sassarfa minti 2, tattaki minti 2, sau 6.
- Mako na 6: sassarfa minti 3, tattaki minti 2, sau 5.
- Mako na 7: sassarfa minti 5, tattaki minti 2, sau 4.
- Mako na 8: sassarfa minti 8, tattaki minti 2, sau 3.
- Mako na 9: sassarfa minti 10, tattaki minti 1, sau 3.
- Mako na 10: sassarfa minti 15, tattaki minti 1, sau 2.
- Mako na 11: minti 20, sannan 25, ba tsayawa.
- Mako na 12: minti 30 ba tsayawa.

Minti talatin ɗin nan zai ba ka kilomita 4 zuwa 5. Makon da ya yi maka nauyi ka maimaita shi, ba gasa ake ba. Ranakun da babu gudu ba ranakun kwanciya ba ne: a wannan sa'ar ka yi tattaki, ko tsugunne-tashi 10 sau uku da ɗaga dunduniya 15 sau uku don ƙarfafa ƙafa. Dalili shi ne kada sa'ar ta zauna babu komai a cikinta.

Me ya sa ake jan abin haka? Huhu da zuciya suna sabawa cikin makonni kaɗan, amma ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar watanni. A mako na biyar za ka ji kamar za ka iya ninka abin da aka rubuta. Numfashinka ne ke faɗin haka, ƙwabrinka bai yarda ba tukuna. Kuma rauni a wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne ga mai murmurewa, domin yana mayar da shi ɗaki, ga ciwo, ga zaman banza.

Gyaran tunani, a aikace

Cewa "ka canza tunani" ba ta da amfani idan ba a faɗi abin da za a yi da hannu ba. Ka sami ƙaramin littafi. Kowane dare ka rubuta abu huɗu: mintunan da ka yi, awannin barci, ƙarfin ƙishirwar ƙwaya a yinin daga 1 zuwa 10, da abin da ya faru dab da tasowarta. Bayan mako biyu za ka ga tsari. Wani ranar da aka biya shi kuɗi ne, wani bayan faɗa da mahaifinsa ko matarsa, wani daren Asabar, wani da ya ji wata waƙa. Abubuwa huɗu sun fi yawan fitowa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Sau da yawa abin da mutum ya ɗauka ƙishirwar ƙwaya ce, yunwa ce ta wanda bai karya ba har azahar.

Ga kowane abin da ka gano, ka rubuta amsarsa tun kafin ya zo, cikin jimla ɗaya: "Idan aka biya ni, kai tsaye zan kai wa Yaya ya riƙe." "Idan wane ya kira, ba zan ɗauka ba." "Idan ta taso da dare, zan fita ƙofar gida in kira wane." Shawarar da aka yanke da rana tana aiki da dare. Wadda aka bari sai abin ya taso, ƙishirwa ce ke yanke ta.

In ta taso, ga abin yi. Duba agogo. Bar wurin da kake. Sha ruwa, ci wani abu. Fita tattaki mai sauri ko sassarfa na minti 10 zuwa 15. An gwada wannan a kan masu shan taba, aka ga ɗan motsa jiki kaɗan yana rage musu kwaɗayinta nan take. Kada ka yi kokawa da tunanin, lura da shi kawai: a ina yake a jiki, maƙogwaro ne ko ciki, yana ƙaruwa ko raguwa. Ka sake duba agogo idan ya sauka, ka rubuta mintunan. Ganin "minti 22" da rubutun hannunka ya fi duk wani lallashi.

Alkawarin "har abada" yana da nauyi ga wanda bai cika mako ba. Ka ɗauki na yau kawai, kamar yadda a kan hanya ake cewa bari in kai waccan bishiyar, in an kai a zaɓi ta gaba. Kada kuma ka jira sai ka ji sha'awar fita. Ka ajiye takalmi da kaya a bakin ƙofa tun dare, ka yi wa kanka sharaɗin minti 10: in bayan minti goma har yanzu ba ka so, ka dawo. Da wuya a dawo. Sabo yana ɗaukar lokaci. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya gano sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna, wasu ma fiye da wata takwas.

Sai batun majalisa, wanda a ganinmu nan ne mafi yawa suke faɗuwa. Ba za ka ci gaba da zama a benci ɗaya da masu sha ba kana cewa kai kallo kawai kake. Goge lambobin, in ta kama a canza layi. Amma mutum ba ya zama babu jama'a, saboda haka dole a sami madadi. Ka nemi abokin gudu ɗaya ko biyu da ba sa sha, waɗanda za su ƙwanƙwasa maka ƙofa. A birnin Los Anjelis na Amurka wani alƙali, Craig Mitchell, ya kafa ƙungiyar gudu a 2012 don marasa galihu da masu fama da shaye-shaye a unguwar Skid Row, kuma abin da ke riƙe irin wannan ƙungiya shi ne sanin cewa akwai masu jiranka da asuba. Mutum uku a unguwa sun isa su fara. A gida kuma a sami mutum ɗaya da ya san komai, wanda ba ya gori, ba ya tonon silili. Iyaye su sani cewa kunyatarwa a gaban dangi ba ta raba yaro da ƙwaya, ɓoyewa take koya masa.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ko tunanin kashe kai ya zo, ko ana jin muryoyi, wannan ya wuce aikin gudu. A koma wurin likita a ranar.

Zafi, hunturu, azumi da abinci

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram. A wannan lokaci a gama gudu kafin ƙarfe bakwai na safe, a rage sauri. Ka sha leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, kamar awa ɗaya kafin fita, wata bayan dawowa. Gudun da ya wuce awa ɗaya yana buƙatar ruwa a hanya, kurɓi-kurɓi. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Jiri, sanyi a tsakiyar zafi, ciwon kai mai sara ko ruɗewa: tsaya, shiga inuwa, a zuba ruwa a jiki. Wanda ya fara surutai ko ya faɗi, a jiƙa shi sharkaf a kai shi asibiti. Da hunturu kuma ƙura ce matsala. Ranar da hazo ya rufe gari a motsa jiki a cikin gida, musamman mai asma ko wanda hayaƙi ya riga ya ci wa ƙirji.

Da azumi a rage yawan gudu da kamar rabi. A yi shi awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, ko bayan tarawihi, ba tsakar rana ba.

Mai murmurewa yakan zo da rama. Kafin gudun safe dabino uku ko ayaba ɗaya sun isa. Bayan an dawo a ci abin kirki cikin awa ɗaya: koko da ƙosai, fura da nono, ƙwai, wake da shinkafa, alale. Kwaɗayin zaƙi yakan taso sosai a watannin farko, ba abin tsoro ba ne. Lemukan ƙara kuzari na gwangwani kuwa a bar su, suna hana barcin da ake ta nema. Rashin barci kuma kada ya kai ka kemis neman ƙwayar barci, ta nan ake sauya wani maye da wani.

Ciwo, da tarkon maganin ciwo

Tsamin jiki a cinyoyi biyu kwana ɗaya ko biyu bayan gudu ba komai ba ne, yana tafiya da tattaki. Ciwon da ya kamata a tsaya masa shi ne mai tsini a wuri ɗaya, mai ƙaruwa ana gudu, ko mai sa ɗingishi. Ciwon ƙwabri shi ya fi yawa, kuma daga ƙara gudu da wuri ne ko kwalta ko mataccen takalmi. A huta kwana 5 zuwa 7, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15, a koma baya da mako biyu a tsarin. Idan wuri ɗaya ne a kan ƙashi da za ka iya nunawa da yatsa, yana ciwo ko a tafiya, yana iya zama tsagewar ƙashi, sai an duba.

Duk likita ko mai kemis da za ka je wurinsa, ka faɗa masa tun farko cewa kana murmurewa daga tiramadol ko kodin, kada ya ba ka danginsu. Ƙwaya ɗaya "don gwiwa" ta isa ta mayar da aikin wata shida baya. Farasitamol ya wadatar ga yawancin ciwon gudu. Dikulofenak da ibufurofen ba a shansu kafin dogon gudu, domin haɗuwarsu da ƙarancin ruwa tana cutar da ƙoda. Mai burin shiga gasa ya sani tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa.

Idan an zame

Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka tana ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda suka yi jinya sukan sake sha, kusan daidai da yadda hawan jini ko asma ke dawowa, kuma watanni ukun farko su ne mafi haɗari. Saboda haka a shirya wa ranar tun ba ta zo ba. Abin da ke mayar da zamewar dare ɗaya ta zama komawa gaba ɗaya shi ne tunanin "ai na riga na ɓata, bari in ƙarasa". Cikin awa 24 ka gaya wa mutumin nan naka, ka zubar da abin da ya rage, ka rubuta abin da ya jawo, ka kira likitanka. Ranar ba a gudu. Washegari a yi tattaki, jibi a koma tsari. Ƙarfin da ka tara a makonni goma bai tafi a dare ɗaya ba.

Akwai haɗarin da dole iyali su sani. Bayan makonni ba a sha ba, jiki ya daina jure adadin da ya saba. Wanda ya koma ya sha irin na da yana iya mutuwa a kai, musamman in ya haɗa kodin ko tiramadol da giya ko ƙwayar barci. Alamun su ne numfashi a hankali ko minshari mai gurnani, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya canza launi, an girgiza shi bai farka ba. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Kada a bar shi wai ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a faɗi abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da ke dawo da numfashi.

Daga kilomita 5 zuwa sama

Bayan mako na 12 ka zauna a kan minti 30 sau uku a mako har wata guda. Sannan ka zaɓi rana ɗaya ta zama ta dogon gudu, kana ƙara mata minti 5 kowane mako. Jimillar mako kada ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma kowane mako na huɗu a rage kashi ɗaya cikin uku don jiki ya huta. A haka kilomita 10 tana zuwa a wata na shida ko na bakwai. Rabin fanfalaki, kilomita 21.1, a bar shi sai an shekara ana gudu. Cikakken, kilomita 42.195, sai an yi rabin sau biyu ko uku lafiya. Akwai gasar da za a sa a gaba: ta Legas da ake yi a Fabrairu tun 2016, da ta kilomita 10 ta Okpekpe a jihar Edo. Takalmi kuma yakan mutu tsakanin kilomita 500 da 800, a riƙa lissafi a littafin.

Iyakar abin tana da nisa. Charlie Engle, Ba'amurken da ya yi fama da hodar iblis da giya kafin ya daina a 1992, ya ratsa Sahara da gudu tare da abokai biyu daga Senegal zuwa Bahar Maliya, ta Mali da Nijar, kusan kilomita 7,000 cikin kwana 111, suka isa a 2007. Ba a ambace shi don a kwaikwaya ba, domin halin "ƙari, ƙari" da ya kai mutum ga ƙwaya yana iya biyo shi kan hanya. Alamun su ne gudu a kan rauni, ɓoye wa iyali yawan abin da ake yi, barin aiki ko zumunci saboda shi, da jin duniya ta tashi idan an rasa rana ɗaya. A tsare kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako, a kuma riƙe wani abu banda gudu, sana'a ko karatu ko islamiyyar dare, saboda ranar da ƙafa za ta ƙi.

Makon da ke bayan gasa yana da haɗari na musamman: burin da aka yi watanni ana bi ya wuce, jiki ya gaji, ga murna da ke kiran a yi biki. Tun kafin ranar gasa ka rubuta abin da za ka yi a kwana bakwai na bayanta, wa zai raka ka gida, da ranar da za ka koma tattaki, sannan ka sa ranar gasa ta gaba a littafin.